Yadda Ake Sayen Motar Daji Ta Hannu Mai Jan Ƙafa Huɗu Ba Tare Da An Sayi Wahala Ba

Masu karatu sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: mutum yana da ɗan kuɗi a hannu, yana son motar da za ta ratsa yashi da taɓo, ta hau tudu mai duwatsu ta sauko lafiya, to ta ina zai fara? Amsar ita ce daga ƙasa. Abin da kake biyan kuɗi dominsa a motar daji yana ƙarƙashinta ne, wato shasi, da aksil na gaba da na baya, da akwatin da ke raba ƙarfin injin zuwa ƙafafu huɗu, amma fenti da kujeru da rediyo duk ado ne da ake iya gyarawa daga baya. An jera matakan nan yadda ya kamata a bi su, domin kowanne yana iya hutar da kai daga ɓata lokaci a kan wanda ke biye da shi.

1. Raba kuɗinka tun kafin ka ga mota

Ka kasa abin da ke hannunka gida uku, ka nemi mota da kashi biyu, ka ɓoye kashi ɗaya. Wannan kason da ka ɓoye ba na ko-ta-kwana ba ne, kuɗi ne da babu shakka za ka kashe a watan farko: tayoyi, canjin mai a wurare biyar ko shida, batir, bel, birki, ladan bakanike, sauya sunan mai mota a takardu, da inshora. Tayoyin motar daji guda biyar su kaɗai suna iya cinye rabin kason. Ka kuma lissafa mai, domin waɗannan motoci masu nauyi ne, kuma tsohuwar babbar mota mai injin fetur ta sha lita 15 zuwa 20 a kilomita 100 ba abin mamaki ba ne, a cikin yashi ma ta wuce haka.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zuba duk abin da ya tara a kan motar da ta fi ƙarfin aljihunsa, sannan ya ajiye ta a ƙofar gida wata uku yana jiran kuɗin taya. Ƙaramar mota mai lafiya ta fi babbar da ke kwance.

2. Tantance irin motar da kake nema

Ba kowace mota da aka rubuta wa 4x4 a baya ce motar daji ba. Akwai motocin birni da yawa masu tura ƙarfi zuwa ƙafafu huɗu idan ɗaya ta zame, suna da amfani a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, amma ba su da ƙaramar giya. Ƙaramar giya ita ce wadda ake rubuta wa 4L ko L a kan ɗan gajeren sandan da ke kusa da sandan giya, ko a jikin maɓalli, kuma aikinta shi ne ta rage gudun mota ninki biyu zuwa kusan uku, ta ƙara mata ƙarfin ja daidai da hakan. Da ita ake hawa tudu a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba, da ita kuma ake saukowa ba tare da an danne birki ba. Motar da ba ta da ita ka cire ta daga lissafi.

Abu na biyu shi ne shasi dabam da bodi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa kamar tsani aka ɗora bodi a kai. Na uku, wanda ba dole ba ne amma yana da daraja, shi ne aksil na gaba ya zama dunƙulallen ƙarfe ɗaya daga ƙafa zuwa ƙafa, saboda ya fi jure duka kuma ya fi sauƙin gyara.

Cikin tsofaffin motocin da suka cika waɗannan sharuɗɗa akwai Toyota Land Cruiser samfurin 80, wanda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, da Nissan Patrol Y60 da Y61, da Land Rover Discovery ta farko wadda ta fito a 1989, da Suzuki Jimny ta 1998 zuwa 2018. Mitsubishi Pajero ta 1991 zuwa 1999 tana da shasi da ƙaramar giya, sai dai ƙafafunta na gaba kowace da nata hannun. Jeep Cherokee XJ, ta 1984 zuwa 2001, ba ta da shasi dabam, amma aksil ɗinta biyu dunƙulallu ne, kuma injinta mai lita 4.0 da silinda shida ya yi suna wajen daɗewa. Land Cruiser da Patrol suna riƙe farashi, don haka wadda ka samu da araha sosai galibi ta riga ta sha wuya. A ganina mai ƙaramin kuɗi da ba ya ɗaukar kaya masu nauyi ya fara duba Jimny ko Pajero, domin rashin nauyin Jimny yana kai ta wuraren da manyan motoci ke nutsewa.

Duk da haka, hukuncin ƙarshe ba na suna ba ne. Ka zagaya wurin masu sayar da kayan mota a inda kake, ka tambayi kuɗin kuloci, lagireto, famfon ruwa da boris na kowace daga cikin motocin da ka zaɓa. Wadda ake samun kayanta a rana ɗaya, kuma makanikai suka saba da ita, ita ce taka.

3. Tace motoci ta waya

Kafin ka tashi zuwa ko'ina, ka tambayi mai mota shekara nawa ta yi a hannunsa, me ya sa zai rabu da ita, yaushe aka canza bel ɗin taimin, yaushe ya yi amfani da ƙaramar giya na ƙarshe, kuma sunan wa ke kan takardu. Ka nemi hotunan ƙarƙashin motar. Sannan ka gindaya sharaɗi biyu: za ka zo da rana, kuma kada a tayar da injin kafin ka iso.

Gargaɗi: ka yi hattara da motar da aka ɗaga sama sosai aka sa mata manyan tayoyi da fitilu da ƙarafa ta ko'ina. Tana da ban sha'awa a hoto, amma wanda ya kashe kuɗi ya yi mata haka ya yi ne don ya dake ta, kuma manyan tayoyi suna gajiyar da boris, aksil, sitiyari da giya. Motar da ta ƙare rayuwarta tana kai yara makaranta, ba a taɓa canza mata komai ba, ita ce abin nema.

4. Abin da za ka riƙa

Tocila mai haske sosai, ɗan maganaɗisu, ƙaramar guduma, sukudireba, farin tsumma, kwali ko tsohuwar tabarmar da za ka kwanta a kai, jak da abin tokare mota, da kayan da ba ka damu su ɓaci ba. Idan motar tana da ramin OBD a ƙarƙashin sitiyari, kamar yadda motocin kasuwar Amurka suke da shi tun daga 1996, ka tafi da ƙaramar na'urar karanta matsalolin injin, ba ta da tsada. Sama da duka, ka tafi da bakanikenka wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba.

5. Takardu da lambar shasi

Wannan aikin minti goma ne, kuma idan ya ƙi, ka juya gida. Lambar shasi a motocin da aka ƙera wa mafi yawan kasuwanni tun daga 1981 tana da haruffa da alƙaluma 17, ko da yake wasu da aka yi wa kasuwar cikin gida ta Japan suna da gajeruwar lamba. Ka gwada wadda ke kan takarda da wadda ke kan farantin bodi da wadda aka buga a jikin ƙarfen shasi. Idan wurin lambar ya nuna alamar goga, walda ko sabon fenti, kada ka tsaya jin bayani. Ka kuma tabbatar babu bashi a kan motar, kuma wanda ke sayarwa yana da hurumin sayarwa.

6. Kwanta ka shiga ƙarƙashinta

A nan ne za ka kashe mafi yawan lokacinka, kuma kada kunya ta hana ka. Ka fara daga baya, ka bi ƙarfen shasi na hagu har gaba, ka dawo ta na dama, kana ƙwanƙwasawa da guduma taƙi bayan taƙi. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda tsatsa ta cinye daga ciki kuwa yana yin wani irin sauti a dushe, kuma za ka ji ɓarɓashi yana zubowa a cikinsa. Tsatsar sama mai launin ƙasa wadda ake gogewa ba abin tsoro ba ce; abin tsoro shi ne wadda ta kumbura tana ɓarewa falle-falle, ko wadda bakin sukudireba ya huda. Ka fi mayar da hankali ga wuraren da sifirin da shokazoba suke kama shasi, da inda akwatin sitiyari ke ɗaure, da ƙarfen da ya gitta a can baya, saboda a nan laka ke taruwa ta riƙe danshi. A Discovery ta farko ka ɗaga shimfiɗar but ka duba benen, ka kuma duba ƙasan ƙofofi. A Cherokee kuwa, tunda bodin shi ne shasin, tsatsa a ƙasan bodi tamkar karaya ce a ƙashin baya.

Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota tambaya ce, ba kyauta ba. Ka danna shi da sukudireba. Waldar da ba ta kamfani ba, ko lanƙwasa a ƙarfen shasi, suna nuna haɗari ko karaya. Shasin da ya ruɓe shi ne aibi ɗaya da ba na ba kowa shawarar ya yi ciniki a kansa, komai arahar motar.

Daga nan ka duba furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa aksil. Biyu ne, ɗaya na baya ɗaya na gaba, kuma ka ƙirga su da idonka. Na taɓa zuwa duba wata mota da mai ita ya ja sandan ƙafa huɗu a gabana, fitila ta kama a dashbod, ya dube ni yana murmushi. Da na kwanta na haska tocila, sai na ga inda furofelar gaba ya kamata ta kasance babu komai sai ramukan noti huɗu cike da busasshiyar laka. An kwance ta tun da daɗewa don a ɓoye ƙarar da aksil na gaba ke yi, fitilar kuwa labarin sanda kawai take bayarwa, ba ta san abin da ƙafafu ke ciki ba. Ka kama kowace furofela da hannu biyu ka murɗa, ka girgiza sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan wajen murɗawa daidai ne, amma ƙwas-ƙwas a mahaɗarta yana nufin ta ci.

Ka nemi izini bakanike ya kwance notin zuba mai na kowane aksil da na akwatin raba ƙarfi, ya tsoma yatsa. Mai mai kyau yana da launin zuma ko ya ɗan yi duhu. Idan ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, wato an ratsa kogi da motar ba a canza mai ba. Idan yana ƙyalli da garin ƙarfe, haƙoran ciki suna cin juna. A motoci masu dunƙulallen aksil, irin su Land Cruiser 80 da Patrol, ka duba ƙwallon ƙarfen da ke bayan kowace ƙafar gaba: ɗan giris a jikinsa daidai ne, amma baƙin ruwan mai yana tsiyaya yana nufin sil ɗin ciki ya mutu, kuma gyaran yana cin yini guda.

A ƙarshe ka ɗaga kowace ƙafar gaba, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Motsi a nan boris ne ko mahaɗar ƙafa. Ka sake kamawa hagu da dama. Motsi a nan na hannayen sitiyari ne.

Gargaɗi: kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yawancin motocin nan suna da tsayin da za ka shiga ba tare da an ɗaga su ba.

7. Injin, tun yana sanyi

Ka taɓa jikin injin da bayan hannunka. Idan da ɗumi, an saɓa sharaɗinka, kuma galibi ana yin haka ne don a ɓoye wahalar tashi ko hayaƙin farko. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa. Farin kumfa mai kauri yana iya nufin ruwa yana haɗuwa da mai ta gaskit ɗin kan injin. Ka buɗe lagireto ka ga ko ruwan ya yi jan tsatsa ko mai yana yawo a samansa. Ka buɗe akwatin matatar iska, ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan matatar. Ƙura a wannan wuri tana nufin injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa, kuma babu abin da ke cinye injin motar daji kamar wannan.

Sai a tayar, kai kuma kana tsaye a baya kana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi ƙonewar baƙin mai ne. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi ruwa ne. Baƙi a injin dizal galibi injekta ne ko toshewar matatar iska, kuma shi ne mafi sauƙi cikin ukun. Yayin da injin ke aiki a tsaye, ka kwance murfin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba; idan iska da hayaƙi suka yi ta wurgi da shi, zoben fistin sun gaji.

Game da bel ɗin taimin, injuna da yawa suna buƙatar sabo a kusan kowane kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke yana iya lalata kan injin. Idan babu rasit, ka ɗauka ba a canza ba. Wasu injunan ba su da wannan damuwa: TD42 na Patrol da haƙoran ƙarfe yake aiki, na Cherokee mai lita 4.0 kuma da sarƙa.

Gargaɗi: ba a buɗe murfin lagireto idan injin ya yi zafi.

8. Gwajin ƙafa huɗu

Ka nemi fili mai tsakuwa, yashi ko ciyawa. Idan ƙafafun gaba suna da makulli a tsakiyar taya wanda ake murɗawa da hannu, ka murɗa duka biyun zuwa wurin kullewa. Ka sa 4H, wato ƙafa huɗu ba tare da ƙaramar giya ba, ka tafi a hankali, sannan ka karya sitiyari har ƙarshe ka yi da'ira. Idan ƙafa huɗu ta shiga da gaske, za ka ji motar tana turjewa, tayoyi suna kartar ƙasa kamar ba sa son kwanar. Idan ta zagaya sumul kamar ƙaramar mota, ƙafafun gaba ba sa ja. A motocin da ke da difaransha ta tsakiya, wato abin da ke barin ƙafafun gaba da na baya su yi juyi daban-daban a kwana, irin su Discovery mai jan ƙafa huɗu kullum, sai an kulle ta za a ji wannan turjiya. Ƙarar ƙas-ƙas daga gaba a lokacin kwanar tana nufin mahaɗar aksil ta ci.

Sai ka tsaya cik, ka taka kuloci, ko ka sa N idan motar mai canza giya da kanta ce, ka ja sanda zuwa 4L. A giya ta ɗaya motar za ta riƙa rarrafe ko ba ka taka totur ba. Ka taka ka saki, ka taka ka saki sau da yawa, kana kallon sandan. Idan ya fice da kansa, akwatin raba ƙarfi yana buƙatar buɗewa. Ka gwada baya ma. Sannan ka mayar da komai yadda yake, ka tabbatar ƙafa huɗun ta fita kamar yadda ta shiga. A Jimny da Pajero tsotson iska ne ke haɗa ƙafafun gaba, kuma fitila mai ƙyaftawa ba ta tsaya ba sau da yawa tsagaggen tiyo ne ko ɗan bawul, gyara mai sauƙi, amma bakanike ya tabbatar kafin ka yarda.

Gargaɗi: motar da ba ta da difaransha ta tsakiya ba a tuƙa ta da 4H ko 4L a kan busasshiyar kwalta. Ƙafafun gaba da na baya ba sa yin tafiya daidai a kwana, kuma idan ƙasa ba ta bari taya ta zame ba, ƙarfin yana taruwa a cikin ƙarafa har wani abu ya karye. Mai motar da ya ce maka kullum a 4H yake yawo cikin gari ya gaya maka abin da ya isa.

9. Tuƙi a kan titi

Ka yi aƙalla minti ashirin, rediyo a kashe, idonka yana komawa kan allurar zafi. Ka sa giya ta sama a ƙaramin gudu ka taka totur sosai. Idan ƙarar injin ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. Kuka mai tashi da sauka tare da gudu daga aksil yake fitowa. Ka bi ta kan ɗan gargada a gudun kilomita 60 zuwa 80, ka ji ko sitiyari zai kama karkarwa mai ƙarfi wadda ba ta lafawa sai an rage gudu, matsalar da aka sani a motoci masu dunƙulallen aksil idan bushin ko boris sun saki. Bayan ka dawo, ka bar injin yana aiki minti biyar, ka sake leƙa ƙasa ka ga abin da ke ɗiga.

Kafin ka fita daga cikinta, ka ɗaga shimfiɗar ƙafa ka duba. Busasshiyar laka a ƙarƙashinta, ko tsatsa a ƙarafan kujeru, shaida ce cewa ruwa ya taɓa cika motar, kuma wayoyinta za su riƙa ba ka mamaki ɗaya bayan ɗaya.

10. Ciniki

Ka rubuta duk aibin da aka gani, bakanike ya sa wa kowanne kuɗin kaya da na aiki, ka cire jimlar daga farashin da irin motar mai lafiya ke yi. Tayoyi ma suna cikin lissafi: alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya suna nuna mako da shekarar ƙira, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida ba abin dogaro ba ce a daji ko da zanenta bai goge ba. Duka huɗun da safaya su zama girma ɗaya, domin bambancin girma yana wahalar da akwatin raba ƙarfi. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan motar da ba ka gani ba, ba a cinikin biri a sama. Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da sa hannun shaidu, kuma kuɗi da takardun asali su sauya hannu a zama ɗaya.

11. Makon farko

Kada ka nufi daji da ita washegari. A canza baƙin mai da matatarsa, man giya, man akwatin raba ƙarfi, man aksil biyu, man birki da ruwan lagireto, a sa sabbin matatun iska da na mai, a buga giris a duk mahaɗun furofela, a canza bel ɗin taimin idan babu shaidarsa. Ka rubuta kilomita da kwanan wata, daga nan lissafinka zai fara. Winci (injin jawo mota idan ta kafe) da ɗaga mota da manyan tayoyi su jira har ka yi wata biyu ko uku kana tuƙa ta ka san halinta.

Abin da za ka saya nan take shi ne shebur, famfon taya da ma'aunin iska, igiyar ja wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka, da ƙugiyoyin ja masu ƙarfi da aka ɗaure a jikin shasi gaba da baya. Fitar farko ta zama kusa, da rana, tare da wata mota.

Gargaɗi: idan mota ta kafe, kada a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela, ko a ƙananan zoben da aka yi don ɗaure mota a kan jirgi ko babbar mota. Ba a ƙera su don fizga ba, kuma idan ƙwallon ya ɓalle, igiyar tana harba shi da ƙarfin da ya isa ya fasa gilashi ya kashe wanda ke zaune a bayansa. Duk masu kallo su ja da baya fiye da tsawon igiyar kafin a fara ja.